Yadda Ɗimuwar Bani Isra'ila Ta Zama Darasi

A tsakiyar yankin Sinai akwai wani tudu mai faɗi da Larabawa har yau suke kira Tih, wato wurin ɗimuwa. Littafin Maimaitawar Shari'a a cikin Attaura ya ce daga dutsen Horeb zuwa Kadesh-barneya, bakin iyakar ƙasar Kan'ana, tafiyar kwana 11 ce. Bani Isra'ila kuwa, bayan fitowarsu daga Masar, shekara 40 suka share a jeji.

Tun a hanya hali ya fara bayyana. Mutanen da suka ga teku ta tsage da idanunsu, su ne suka sunkuya wa ɗan maraƙin da aka ƙera da kayan adonsu, Annabi Musa yana can kan dutse wajen ganawa da Ubangijinsa. An saukar musu da mannu da tsuntsayen salwa, ruwa ya ɓuɓɓugo daga dutse ta idanu 12, kowace ƙabila da mashayarta. Duk da haka suka ce sun gaji da abinci iri ɗaya. Suratul Baƙara da Littafin Ƙidaya duka sun ambaci albasa cikin abubuwan da suka yi marmari. Abin dariya ne a ce an musanya 'yanci da albasa, sai dai duk wanda ya san ƙarfin sabo ba zai yi dariyar ba.

A bakin iyaka ne magana ta lalace. Littafin Ƙidaya, sura ta 13 da ta 14, ya ce an aika mutum 12 leƙen asirin ƙasar, suka yi kwana 40. Goma suka dawo suna ba da labarin ƙattai da birane masu ganuwa, har jama'a suka fara shawarar naɗa sabon shugaba ya mai da su Masar. Joshuwa da Kalibu kaɗai suka tsaya a kan a shiga. Hukuncin da ya biyo baya shi ne shekara ɗaya a jeji a madadin kowane kwana na leƙen asirin. Suratul Ma'ida, aya ta 20 zuwa 26, ta kawo ƙissar: maza biyu masu tsoron Allah suka ƙarfafa musu gwiwa, su kuwa suka ce wa Musa ya je shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Malaman tafsiri da dama sun ce ɗaya daga cikin mazan nan shi ne Yusha'u bin Nun, wato Joshuwa.

Daga nan ƙissar ta koma abin wa'azi. Zabura ta 95 ta yi gargaɗi da ita kan taurin zuciya, Bulus kuma ya tunatar da Kiristocin Koranti cewa an rubuta ta ne domin a ɗauki izina. A shekarar 624, da Manzon Allah (SAW) ya nemi shawarar sahabbai kafin yaƙin Badar, Miƙdad ya miƙe ya ce ba za su maimaita maganar mutanen Musa ba, za su yi yaƙi dama da hagunsa.

Wanda ya fi kowa zurfafa tunani a kanta, a ganin mai wannan rubutu, shi ne Ibn Khaldun, cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377. A wurinsa shekarun nan sun wuce horo kawai. Mutanen da suka girma cikin ƙasƙancin Fir'auna sun rasa zuciyar kare kansu, don haka dole zamaninsu ya shuɗe, a haifi wasu a jeji waɗanda ba su taɓa sanin bulala ba. Da wannan ƙissa ya kafa hujjar cewa tsawon zamani ɗaya na al'umma shekara 40 ne, daula kuma galibi ba ta wuce irin waɗannan zamunna uku.

Musa da ɗan'uwansa Haruna duk sun rasu kafin a shiga ƙasar. Yusha'u ne ya ƙetare Kogin Urdun da 'ya'yan waɗanda suka ƙi.