Keken Tsere da Keken Aiki: Tarihin Sauƙi da Ƙarko

Duk wanda ya girma a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san baƙin keken nan na Raleigh, wanda magidanta kan ɗaure wa buhun masara a kariya su hau titin Zariya da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kamfanin da ya ƙera shi a birnin Nottingham ta Ingila ya ƙera wani irin keke dabam, mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, wato keken tsere. Da irinsa Joop Zoetemelk ya ci gasar zagaye Faransa a 1980. Gida ɗaya suka fito, amma manufarsu ta sha bamban, kuma bambancin ya fi fitowa a cen da haƙora da feda, wato sassan da ke kai ƙarfin ƙafa zuwa tayar baya.

Masu tsere sauƙi suka sa a gaba. A 1972, lokacin da Eddy Merckx ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a birnin Meziko, kekensa bai kai kilo 6 ba, domin Ernesto Colnago ya huhhuda sassansa don rage nauyi. A 1973 kamfanin Campagnolo na Italiya ya fito da kayan Super Record, inda ya sa titaniyom a wuraren da aka saba sa ƙarfe. Sai dai sauƙin bai zo a banza ba. A 1982 Laurent Fignon yana kan gaba a tseren Blois zuwa Chaville, sai sandar titaniyom da ke riƙe da fedojinsa ta karye, ya faɗi ƙasa, nasarar ta kuɓuce masa. Haka kuma na'urar canjin giya ta roba da kamfanin Simplex na Faransa ya soma yi a 1962 ta yi suna wajen tsagewa idan ta tsufa.

Mutanen Kano kuwa ƙarko suka zaɓa, kuma suna da hujja. Baƙin keke ya kan kai kilo 20, amma haƙoransa ƙarfe ne zalla, cen ɗinsa ya fi na keken tsere kauri, ga murfin da ke tare ƙurar hunturu da taɓon damina. Rairayi idan ya gauraya da mai, cin haƙoran alminiyom yake yi kamar zarto. Bayan haka, kowane mai gyaran keke na gindin bishiya zai iya kwance shi ya mayar da sifana da guduma. Wannan ne ya sa har aka kafa masana'antar haɗa Raleigh a nan Kano. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, amma su ma a kan wancan tsohon tsari aka yi su.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, mutane da dama sun sake waiwayar keke, kuma kekunan gwanjo masu giya su suka fi ɗaukar ido. To, mai karatu, kafin ka biya kuɗi, tambayi mai gyaran unguwarku ko ana samun haƙoransa da cen ɗinsa a kasuwa. Ɗan tsere yana da mota a bayansa ɗauke da wani keken. Magidancin da ya nufi Kasuwar Tarauni da kaya ba shi da ita. Bahaushe dai ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.