Daga Ashana Zuwa Maganin Ƙashi: Tarihin Ciwon Mutuwar Muƙamuƙi

'Yan uwa, ashanar da muke kunna wuta da ita tana da tarihi mai ɗaci, kuma ciwon da ta taɓa haddasawa ya dawo ta wata ƙofa.

A ƙarni na 19, masana'antun ashana a Turai suna aiki da sinadarin farin fosfarus. Ma'aikatan, yawancinsu mata da 'yan mata, suna shaƙar tururinsa yini guda. Sai haƙori ya fara ciwo, dasashi ya kumbura, mugunya ta riƙa fita, daga bisani ƙashin muƙamuƙi ya mutu. Sau da yawa babu mafita sai a yanke ƙashin. A 1888 ma'aikatan kamfanin Bryant & May na Landan suka shiga yajin aiki, aka fara jin kukansu. A 1906 wasu ƙasashe suka sa hannu a birnin Bern kan haramta sinadarin a ashana, sannu a hankali ciwon ya ɓace.

Kusan shekara ɗari bayan nan, a 2003, wani likitan tiyatar baki a Jami'ar Miyami ta Amurka, Robert Marx, ya ba da rahoton mutum 36 masu irin wannan ciwo. Ba ashana suke yi ba. Yawancinsu masu sankara ne da ake yi wa allurar Pamidronate ko Zoledronate don kare ƙashinsu. Daga baya aka gan shi, ko da yake ba kasafai ba, a wajen masu shan Alendronate saboda raunin ƙashi na tsufa, da masu karɓar Denosumab.

Dalilin shi ne, jiki kullum yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Waɗannan magunguna suna rage rushewar, shi ne amfaninsu. Amma idan aka cire haƙori, ramin yana bukatar wannan sabuntawa kafin ya warke. In ta yi rauni, ƙashi ya zauna a buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga.

Likitoci suna gane ciwon ne idan ƙashi ya bayyana a baki fiye da mako 8 bai rufe ba, ga wanda ya sha irin maganin kuma ba a taɓa gasa masa muƙamuƙi da na'urar sankara ba. Hoton ƙashi yana nuna zurfin ɓarnar. Ana farawa da ruwan kurkure baki, maganin ƙwayoyin cuta da na rage zafi. In ya yi nisa, a cire mataccen ƙashin ta tiyata.

Nan ne abin ya shafe mu a Ngojin da Potiskum. Masu sankarar mama ko ta mafitsara da muke rakawa asibitocin koyarwa na Damaturu, Maiduguri ko Kano suna iya dawowa da wannan allura a jikinsu, kuma wasu irinta kan daɗe shekaru a cikin ƙashi. Su dawo gida haƙori ya dame su, a kai su wajen mai cire haƙori na kasuwa, wanda ba zai tambayi maganin da suke sha ba.

Don haka kafin a fara maganin, a ga likitan haƙori a gyara abin gyarawa. Wanda ya riga ya fara, ya nuna katinsa kafin a taɓa masa haƙori. Kada kuma kowa ya daina maganinsa don tsoro, domin amfaninsa ya fi haɗarinsa yawa; a yi shawara da likita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.