Malamin da Ya Ƙura wa Ganye Ido

Mu masu ɗokin ganin sunanmu a bangon littafi, ya kamata mu san tarihin Karl Blossfeldt, Bajamushen da aka haifa a 1865. Tun 1898 yake koyar da sassaƙa a birnin Balin. Da kyamarar da ya harhaɗa da hannunsa yake ɗaukar hoton ganye da toho, ya ninka girmansu har sau 30, don kawai ɗalibansa su sami abin kwaikwayo. In muka dubi hotunan sai mu rantse ƙarfe ne maƙeri ya lanƙwasa. Ba mamaki, don a maƙera ya fara koyon sana'a. Shekara 30 hotunan nan ba su wuce kayan aji ba. Sai a 1928, yana da shekara 63, aka buga 120 daga cikinsu a littafi, sunansa ya game Turai. Ya rasu a 1932.