Yadda rasit ya ɓace daga kati, da yadda aka yi ta ƙoƙarin dawo da shi

Idan akwai rasit ɗin POS a aljihunka, fito da shi ka duba. Za ka ga sunan shago, kwanan wata da lokaci, adadin kuɗi, da lambobin ƙarshe na katinka. Abin da ba za ka gani ba shi ne kayan da ka saya. Buhun shinkafa ne ko tayar mota, bankinka bai sani ba. Kai wannan bai dame ka ba, ai kuɗinka ne, ka kuma san abin da ka yi da su.

To amma ka ɗauka kai akanta ne a wata ma'aikata, an raba wa ma'aikata ɗari biyar kati, kowa na sayayya da sunan ofis. Ƙarshen wata sai ka ga an kashe dala 900 a wani kanti. Takardar firinta aka saya, ko talabijin ɗin gidan wani? Nawa ne haraji a ciki? Wane sashe zai ɗauki nauyin kuɗin? Waɗannan tambayoyi ne suka haifar da ƙa'idojin da Visa da Mastercard ke gindaya wa 'yan kasuwar da ke karɓar katin kamfanoni da na hukumomi. Labarin galibi a Amurka ya faru, don haka can za mu je.

Lokacin da takarda ke tafiya da ƙafarta

Katin Diners Club, wanda Frank McNamara da abokansa suka fito da shi a birnin New York a 1950, 'yan kasuwa masu kai baƙi cin abinci ne suka fi amfana da shi, domin a ƙarshen wata suna samun lissafi guda na abin da suka kashe. A 1958 American Express ta fito da nata katin, a shekarar ce kuma Bank of America ya raba katin BankAmericard a garin Fresno na jihar Kalifoniya. Wannan katin ne ya koma Visa a 1976. Wata ƙungiyar bankuna da aka kafa a 1966 ita ce daga baya ta zama Mastercard.

A wancan zamani komai takarda ne. Mai shago zai ɗora kati a kan wani ƙarfe, ya ja ta kan takarda mai kalka, lambobin su fito, ya rubuta kuɗi da hannu, wani lokaci har da sunan kayan. Takardar nan za ta tashi daga shago zuwa bankinsa, daga nan zuwa bankin mai kati, sau da yawa har a haɗo maka ita cikin lissafin wata. Da ciniki ya yawaita, takardu suka fi ƙarfin akawuna.

Kamfanin da ya zama Visa, ƙarƙashin jagorancin Dee Hock, ya kawo tsarin kwamfuta mai suna BASE I a 1973 domin neman amincewar banki, sannan BASE II a 1974 domin bankuna su riƙa daidaita lissafi tsakaninsu ba tare da aika takarda ba. Aiki ya yi sauri, amma an yi asarar wani abu. Layin sadarwa da ma'ajiyar kwamfuta na da tsada a lokacin, sai aka taƙaita saƙon ga abin da banki ke buƙata kawai: wane kati, wane shago, yaushe, nawa. Daga baya aka daidaita lamba mai alƙaluma huɗu da ke nuna irin sana'ar shagon, misali 5411 kantin kayan abinci, 5812 gidan cin abinci, 5541 gidan mai. Lambar tana gaya maka irin shagon, ba ta gaya maka abin da aka saya ba. Wannan taƙaitaccen saƙo shi ake kira mataki na 1 a yau.

Gwamnatin Amurka ta shigo

A ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni, sayen ƙaramin abu na bin doguwar hanya: takardar buƙata, sa hannun oga, takardar odar kaya (irin wadda 'yan kwangila a Najeriya suka sani da LPO), takardar neman biya, sannan cek. Wani lokaci kuɗin aikin takardun ya fi kuɗin kayan. Shi ya sa Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta gwada katin sayayya a 1986, a 1989 kuma hukumar GSA mai kula da sayayyar gwamnatin tarayya ta faɗaɗa shi da sunan IMPAC. Dokar sauƙaƙa sayayya ta 1994 ta ware sayayyar da ba ta wuce dala 2,500 ba a matsayin ƙarama, wadda ba sai an bi doguwar hanya ba. A 1998 aka ƙaddamar da shirin SmartPay, wanda har yanzu yake aiki.

Ka ga matsalar ko? Takardun da aka kawar su ne ke ɗauke da bayanin kaya, haraji da lambar oda. Kati ya maye gurbinsu, amma saƙon kati bai da wurin waɗannan bayanai. Masu binciken kuɗi ba su daɗe ba suka fara ganin sakamako. A 2001 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka, GAO, ya bankaɗo rashin kula da katunan a wasu sassa biyu na rundunar sojin ruwa a San Diego. A rahotonsa na 2008 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 41 cikin ɗari na sayayyar da aka yi da katunan gwamnati a lokacin da ya duba ba su cika ƙa'idar farko ba, wato izinin da ya dace da shaidar cewa wani daban ya karɓi kayan. A 2012 aka yi doka ta musamman kan hana wasa da katunan gwamnati.

Matakai uku

Maganin da kamfanonin kati suka kawo, tun lokacin da katin sayayya ya fara yaɗuwa, shi ne a ƙara wa saƙon wuraren cikewa. Mataki na 2 ya ƙara adadin harajin ciniki da lambar da mai saye ya bayar, wadda galibi lambar oda ce ko ta sashensa, tare da wasu bayanan shagon kamar lambar harajinsa. Mataki na 3 kuwa kusan cikakkiyar takardar neman biya ce: sunan kowane kaya, lambarsa, yawansa, ma'auninsa (katan ne, kilo ne, ko guda), farashin ɗaya, rangwame, kuɗin dako, kuɗin kwastan, da inda kayan suka fito da inda za su. Wato rasit ɗin da ya ɓace a 1974 ne ake son ya dawo, amma cikin waya.

Sai dai wa zai shigar da bayanan? Mai sayarwa. Wa zai amfana? Mai saye. Ba wanda ke son yin aikin wani kyauta, don haka dole aka nemo abin jan hankali.

Kamasho ne ya yi aikin

Duk lokacin da aka biya da kati, bankin ɗan kasuwa na biyan bankin mai kati wani kaso, sannan ya cire daga kuɗin ɗan kasuwar. Visa da Mastercard ne ke tsara wannan kamasho, kuma na katin kamfanoni na cikin mafi tsada. Ko a 2015, da Tarayyar Turai ta ƙayyade kamashon katin jama'a a kashi 0.2 cikin ɗari ga katin cire kuɗi da 0.3 ga katin bashi, ba ta sa katin kamfanoni a ciki ba.

A Amurka sai kamfanonin suka ce: ka aiko bayanan mataki na 2, a rage maka, ka aiko na mataki na 3, a ƙara ragewa. Tazarar da ke tsakanin mafi tsada da mafi sauƙi kan kai kusan kashi 1 cikin ɗari. Yi lissafi: a cinikin dala 20,000, dala 200 kenan. Ga dillalin da ribarsa ba ta da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuma ya bar gurbi ɗaya da ake buƙata babu komai, sai cinikin ya faɗa rukuni mai tsada, sau da yawa ba zai sani ba sai ya ga lissafin wata.

Da aka fara cika gurbi da shirme

Bahaushe ya ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma kwamfutar da ke tantancewa ba zane take dubawa ba, tana duba ko akwai wani abu a gurbin ne kawai. Nan fa dabara ta shigo. Wasu manhajojin karɓar kuɗi suka riƙa cika gurabun da kansu: sunan kaya a rubuta kalma ɗaya maras ma'ana, yawa a sa 1, lambar oda a maimaita abu guda kullum. Ɗan kasuwa ya samu rangwamensa, bankin mai kati ya rasa wani ɓangare na kamasho, akanta kuma ya samu bayanan da ba za su amfane shi ba. Masu nazarin tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan hali: idan ka ɗora lada a kan ma'auni, mutane za su bi ma'aunin su bar manufar.

A 2025 Visa ta fito da sabon shiri a Amurka mai suna CEDP. Ta sa ƙaramin caji na kashi 0.05 cikin ɗari a kan cinikin da ke cikin shirin, ta kuma fara duba ingancin bayanan su kansu: sunan kayan na da ma'ana? Idan aka tara farashin kaya da haraji da dako, ya yi daidai da abin da aka cire a kati? Ɗan kasuwar da bayanansa suka tabbata shi ke samun farashi mai sauƙi. Kamfanin ya kuma sanar da janye yawancin rangwamen mataki na 2 a 2026, ta yadda rabin bayani ba zai ƙara wadatarwa ba.

Idan kana sayar wa kamfanonin Amurka kaya ko aiki ta kati, ko kana rubuta manhajar da ke yin hakan, tambayi mai sarrafa maka biyan kuɗi abu biyu: waɗanne gurabu yake aikawa, kuma daga ina yake samo abin da ke ciki. Idan amsar ita ce manhaja ce ke ƙirƙira, ba daga takardar neman biyanka ake ɗauka ba, to rangwamen da kake samu ba mai ɗorewa ba ne. Idan kuma kai ne mai riƙe da lissafin wata ma'aikata da ke shirin raba wa ma'aikata kati, kada ka jefar da takardar oda kafin ka tabbatar da inda bayananta za su koma. Amurka ta yi wannan kuskure, kuma fiye da shekara talatin ana kan gyara.