Daga Zango Zuwa Tasha: Tarihin Mutanen da Mota ce Gidansu a Jalingo

Jalingo gari ne da bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Dogo ya isa Kano a 1911, wani reshensa ya bi ta Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, amma har yau bai shigo ƙasar Muri ba. Saboda haka duk buhun siminti da gishiri da bandir ɗin kwanon rufi da ke garin nan a bayan mota ya zo, duk doya da masara da shanun da suka fita kuma a bayan mota suka fita. Masu wannan aiki sukan yi wata guda ba su kwana a ɗaki ba. Mota ce ɗakinsu, ita ce madafarsu, a inuwarta suke salla.

Ni ɗan direba ne. Mahaifina ya ja roka mai bodin katako tsakanin Jalingo da Yola da Onica tun zamanin jihar Gongola, ni kuma na yi masa yaron mota a lokutan hutun makaranta kafin in kama aikin koyarwa. Abin da na gani a hanya ya tabbatar mini cewa zaman direbobi da taimakon da suke wa juna ba da mota suka fara ba. Gadon fatake ne.

Tun kafin a san Jalingo, ayarin Hausawa na ratsa ƙasar Muri zuwa Adamawa. Suna kawo tufafin Kano da kanwa da dutsen ado, suna komawa da hauren giwa, a wancan zamani har da bayi. Ɗaya daga cikin madugan wannan hanya da tarihi ya riƙe sunansa shi ne Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, wanda ya yi wa wani Bajamushe mai suna Flegel jagora a ƙasashen Binuwai, har ya bi shi Balin a 1884. Ayari gari ne mai tafiya. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da mashaya, uban dawaki na kula da biyan fito da kuɗin hanya ga sarakuna. Idan jakin wani ya faɗi, sai a rarraba kayansa a kan dabbobin 'yan'uwa. Idan wani ya kwanta ciwo, ba a barinsa a daji. In rana ta yi sanyi sai a sauka zango, inda mutanen gari ke kawo ruwa da itace da abincin sayarwa, mai masauki kuma ya ɗauki amanar baƙo da kayansa. Ƙafa biyu al'adar ke tsaye a kai: haƙƙin matafiyi a kan abokin tafiyarsa, da haƙƙin matafiyi a kan garin da ya sauka.

Jalingo kanta daga sansani ta fara. A 1893 Lamiɗo Muhammadu Nya ya kafa ta, bayan yaƙin Kona wanda wani Bafaranshe mai suna Mizon ya taimaka masa da bindigogi, daga baya ta zama mazaunin sarautar Muri. Da Turawa suka kama ƙasa, kogi ne ya zama babbar hanya. Jiragen ruwan kamfanoni kan hauro Binuwai da damina idan ruwa ya cika, su tsaya Ibi da Lau da Numan da Yola, su sauke gishiri da atamfa da kananzir, su ɗebi gyaɗa da riɗi da auduga. Lau ce ƙofar Jalingo a lokacin. Motocin farko aikinsu ke nan, kai amfanin gona bakin ruwa kafin jirgi ya juya. Tsofaffin direbobi sun ba mu labarin hanyoyin burji da ake rufewa da shinge idan an yi ruwan sama, ba mai wucewa sai ƙasa ta tsane. A bakin irin waɗannan shingaye da mafitar kogi aka koyi kwana a mota, domin wanda dare ya riska a can ba shi da masauki sai ƙarƙashin bodinsa.

Bayan yaƙin basasa sufurin kogi ya yi ta ja da baya har ya mutu, kaya duka suka dawo kan titi. Da aka ƙirƙiro jihar Taraba ranar 27 ga Agusta 1991 aka mai da Jalingo babban birninta, sai gine-gine suka tashi, manyan motoci suka ƙaru. Roka ta ba tirela wuri. Doyar Zing da ta Ɗan Anaca, shinkafa da kifin Tella, shanun Iware, ganyen shayin Kakara da ake saukowa da shi daga tsaunin Mambila ta gangaren Mayo Selbe, duk sai da direba. Daga Jalingo zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, ga jiran lodi, ga jiran saukewa. Tafiyar da aka yi wa lissafin mako ɗaya takan cinye uku.

Wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin tirela ba ba zai san gida ne cikakke ba. Akwai akwatin ƙarfe a gefe, ciki da risho ko ƙaramar tukunyar gas, da tukunya, da shinkafa da wake da manja da yaji. Akwai jarkokin ruwa ɗaure da igiyar roba, da buta, da tabarma, da gidan sauro da ake ratayawa a jikin bodi. Tamfol shi ne rufi ranar ruwa. A zamanin mahaifina batirin mota ke ba mu wutar ƙwai ɗaya da rediyo. Yanzu za ka ga ƙaramin faifan sola a kan rufin gaban mota yana cajin waya da tocila. Ruwa kuwa da lissafi ake taɓa shi: na alwala daban, na girki daban, wanki sai an iso rafi. Ba a yar da komai. Tsohuwar taya takan koma takalmi, tsohon tib ya zama guga ko igiya, karyayyen sifirin ya tafi maƙera ya dawo adda ko gatari, baƙin mai kuma a shafa wa katako don gara. Talauci da nisan gari ne suka koyar da wannan tattali, amma tattali ne na gaske, wanda mu mazauna gida muka kasa.

Babbar dokar hanya ita ce ba a wuce motar da ta lalace. Da ka hango ganye a jere a kan kwalta, ka san wani na cikin matsala, sai ka rage gudu. Mahaifina kan leƙo ta taga ya ce, "Sannu, Oga, me ya samu?" In jak ne a ba da aro, in taya ce a sauke safaya, in mai ne ya ƙare a zuƙo da tiyo a jarka, a biya in an haɗu. Ban taɓa ganin an rubuta irin wannan bashi ba, ban kuma taɓa jin an ci shi ba, domin wanda ya ci sunansa zai riga shi isa kowace tasha. Kafin wayar hannu ta shigo a 2001, direba shi ne gidan waya. Shi zai kai wa mai mota saƙo cewa injin ya buga a wuri kaza, wani direban kuma ya ɗauko kayan gyaran da bakanike ya kawo su har inda motar take.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne yaron mota, wanda ake kira karen mota. Idan gyara ya gagara, shi ake bari gadi, wani lokaci makonni. Na taɓa yin irin wannan zama a dajin da ke tsakanin Mutum Biyu da Wukari. Direbobin da ban sani ba suna tsayawa su miƙo mini burodi ko rake ko 'yan kuɗi. Wani dattijo Inyamuri mai tanka ya cika mini jarka da ruwa, ya ce, "Yaro, kar ka kwana a gefen titi, shiga ciki ka kulle." Wata tsohuwa daga ƙauyen da ke kusa, wadda ba ma jin harshen juna sosai, takan aiko jikanta da dafaffiyar doya kowace yamma. A jihar da ta sha fama da rikicin ƙabilanci da na addini, hanya ta riƙe wata ƙa'ida da gari ya sha mantawa: Bahaushe da Bafulatani da Mumuye da Jukun da Tibi, duk wanda motarsa ta tsaya ɗan'uwa ne. Mahaifina kan ce hanya ba ta da ɗan gida, kowa baƙo ne a kanta.

Daga baya wannan zumunci ya samu tsari. An kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, a 1978, wadda kowa ke kira yuniyan, masu motoci su ma suka yi tasu. A ƙarƙashinsu kuma akwai abin da ya fi su tsufa: adashi, da karo-karo idan wani ya yi haɗari, da gudummawar suna da biki. Idan direba ya rasu a kudu, Sarkin Hausawan garin da direbobin da ke wurin su ne danginsa. Su za su yi masa sutura, su tara abin da za a kai wa iyalinsa, wani kuma ya jawo motar zuwa gida. Inda hanya ba ta da tsaro, sai a jira juna a tafi a jere, mai zuwa ya yi wa mai tafiya ishara da fitila in akwai abin tsoro a gaba. Wannan shi ne ayari, jaki ne kawai ya zama inji. Yaye ma haka yake: yaro ya fara da wanke mota da tare taya, ya koyi ɗaurin kaya, ya koyi ja da baya a tasha, har ranar da maigidansa zai miƙa masa makulli ya sa masa albarka.

A 'yan shekarun nan an yi ta ba da labarin Amurkawan da tsadar haya ta kora zuwa cikin motocinsu, musamman bayan durƙushewar tattalin arzikin 2008. Duk watan Janairu sukan taru a hamadar Arizona suna koya wa juna haɗa sola da gyaran mota, duniya na yaba musu. Namu sun fi rabin ƙarni suna wannan rayuwa, kuma ba don kansu kaɗai ba, don su ciyar da garuruwa. Amma sunan da muka ba su shi ne 'yan tasha.

Ba na ɓoye aibin sana'ar. Akwai masu shan ƙwaya don su kori barci, akwai gudun ganganci da ya salwantar da rayuka, akwai cututtukan da ake ɗaukowa a mazaunan dare. Sai dai mai zargi ya dubi inda muke barinsu su kwana. Mutum ya yi tuƙin yini guda, ya biya kuɗi a shingaye ba adadi, ya iso gari ya rasa inda zai ajiye mota sai kafaɗar titi, ba ruwa, ba makewayi, ba mai gadi. Da ambaliya ta karya gadar Namnai a ƙaramar hukumar Gassol a daminar 2024, hanyar Jalingo zuwa Wukari ta yanke, manyan motoci suka yi cirko-cirko, wasu suka ɗauki dogon zagaye. Waɗanda suka maƙale, junansu da mutanen ƙauyukan wurin ne suka riƙe su. Mu kuwa a Jalingo sai a farashin kaya muka ji abin.

Ƙafa ɗaya ta tsohuwar al'ada tana nan da ƙarfinta, domin direbobi ba su yar da haƙƙin juna ba. Wadda ta karye ita ce ta gari. Kakanninmu da ba su da kwalta ba su da lantarki sun iya ware wa baƙo zango, mu da muke babban birnin jiha mun bar shi a bakin kwata. Ina kira ga gwamnatin Taraba da masarautar Muri da 'yan kasuwar da kayansu ke bisa waɗannan motoci da su haɗa hannu da ƙungiyoyin direbobi, a ware fili a mashigar gari ta hanyar Wukari da ta hanyar Yola, a yi rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da makewayi da wurin wanka, da fitilu, da wurin ibada, da ɗakin shan magani, da masu gadi. Direbobi sun saba da karo-karo, za su iya riƙe wurin in an damƙa musu. Kai kuma mai karatu, in ka ga yaron mota zaune a gindin tirela a unguwarku, ka aika masa da ruwa da abinci. Tuwon da ke gabanka, irinsa ne suka kawo hatsinsa.