Nazari a kan Gyara da Faɗaɗa Gidan Fasaha na Tate Modern

Idan muka ce gidan fasahar zamani, muna nufin ginin da ake adana ayyukan masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto da bidiyo na wannan zamani, a kuma baje su jama'a su gani. Aikin da akan yi wa irin wannan gini iri uku ne. Akwai kwaskwarima, wato gyara abin da ya lalace ba tare da taɓa fasalin gini ba. Akwai sauya amfani, wato mayar da ginin da aka yi domin wani aiki daban ya zama gidan fasaha. Sai faɗaɗawa, wato ƙara sabon gini a jikin tsoho. Mun zaɓi Tate Modern da ke bakin kogin Thames a Landan domin na biyu da na uku sun haɗu a kansa.

Asalin ginin tashar wutar lantarki ce ta Bankside, wadda Giles Gilbert Scott ya tsara, aka kuma rufe ta a 1981. Masu tsara gini 'yan ƙasar Suwizalan, Herzog da de Meuron, su aka damƙa wa aikin, aka buɗe gidan a watan Mayu na 2000. Gwanintarsu tana cikin abin da suka ƙi rushewa. Sun bar bangon jan bulo da doguwar hasumiyar hayaƙi mai tsawon mita 99. Sun kwashe injina daga babban zauren tashar, wanda tsayinsa ya kai mita 35, suka bar shi wayam. Wannan fili yana da dalili, domin wasu ayyukan zamani sun fi ƙarfin a rataye su a bangon ɗaki. A nan ne El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, ya rataya manyan shimfiɗunsa a 2023, waɗanda aka harhaɗa da dubban marufan kwalabe, aka ɗinke da waya, suna zubowa daga rufi kamar zannuwa a igiyar shanya.

Faɗaɗawa kuwa cunkoso ne ya jawo ta. An tsara gidan domin baƙi kimanin miliyan 2 a shekara, sai ga kusan miliyan 5 suna zuwa. An fara da tankunan man tashar da ke ƙarƙashin ƙasa, aka buɗe su a 2012 domin nuna fim da fasahar motsin jiki, wato wadda mai ita yake aiwatarwa a gaban 'yan kallo. A watan Yuni na 2016 aka buɗe sabon bene mai hawa 10 a kansu, wanda ya ci fam miliyan 260, ya kuma ƙara wurin baje koli da kashi 60 cikin 100. An lulluɓe shi da bulo domin ya dace da tsohon, amma an jera bulon da 'yan tagogi a tsakani, yadda haske ke ratsawa. A ganinmu wannan shi ne mafi kyawun ɓangaren aikin.

Saura haƙƙin maƙwabtaka, wanda akan manta da shi wajen auna irin wannan aiki. A hawan ƙarshe na sabon benen an yi baranda ta kallon gari, ita kuwa tana fuskantar gidajen Neo Bankside masu bangon gilashi. Baƙi suka riƙa leƙen ɗakunan mutane, wasu har da ɗaukar hoto. Mazauna gidajen suka kai ƙara, kuma a watan Fabrairu na 2023 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa wannan leƙe takurawa ce da doka ta hana. Muna ganin kotun ta yi daidai, kuma tun a kan takardar zane ya kamata a toshe wannan gefe na barandar.