BABI NA BIYU: KAFUWA DA BUNƘASAR ƘUNGIYAR ƘWALLON ƘAFA TA KANO PILLARS

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, tun daga kafuwarta a shekarar 1990, domin a gano yadda aka yi ƙungiyar da aka haɗa daga kulob-kulob na ma'aikatu ta zama abin da Bakano yake kira nasa. Idan aka kwatanta ta da takwarorinta na kudancin ƙasar nan, Pillars yarinya ce ɗanya, domin kuwa an kafa Rangers ta Inugu tun 1970, an kuma kafa Enyimba ta Aba a 1976. To amma duk da ƙarancin shekarunta, babu wata ƙungiya a arewacin Nijeriya da ta kai ta yawan kofin lig. Haka kuma za a dubi takenta na "Sai Masu Gida", wanda a ganin mai wannan nazari shi ne mabuɗin fahimtar ƙungiyar, da alherinta da kuma aibinta.

2.1 Ƙwallon Ƙafa a Kano Kafin 1990

Ƙwallon ƙafa baƙon wasa ne a ƙasar Hausa. Wasannin da Bahaushe ya gada su ne irin su dambe da kokawa da langa da sharo na maƙwabtansa Fulani. Ƙwallo ta shigo ne tare da Turawan mulkin mallaka, ta hanyar makarantun boko da barikin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa da kuma kamfanonin ciniki. Saboda haka ta fara yin ƙarfi ne a Sabon Gari da sauran unguwannin waje, kafin yaran cikin birni su karɓe ta, su riƙa buga tamaula ta tsumma a lunguna da filayen unguwa.

Babban abin tarihi na farko ya auku ne a 1953, lokacin da zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka ci kofin ƙasa, wanda daga baya aka fi sani da Kofin Ƙalubale. A nan ya kamata a yi gyara ga wani kuskure da ya yaɗu. Akan ga wasu sun lissafa wannan kofi na 1953 a cikin kofunan Kano Pillars, alhali kuwa an ci shi shekara 37 kafin a haifi ƙungiyar. Kofin na garin Kano ne, ba na Pillars ba. Sai dai shi kansa kuskuren yana da amfani ga mai nazari, domin yana nuna yadda jama'a suka daina bambanta garin da ƙungiyar.

Bayan an fara gasar lig ta ƙasa a 1972, wadda Mighty Jets ta Jos ta fara lashewa, ƙungiyar da ta ɗaga sunan Kano ita ce Raccah Rovers, wadda ta ci lig a 1978. Daga baya tauraronta ya dusashe, aka bar Kano da ƙananan ƙungiyoyi masu yawa, babu wadda za ta iya tsayawa ita kaɗai ta kara da manyan kudu.

2.2 Kafuwar Ƙungiyar

A shekarar 1990 ne Nijeriya ta fara gasar lig ta ƙwararru, wato gasar da ɗan wasa zai ɗauki ƙwallo a matsayin sana'a, da kwantiragi da albashi, ba a matsayin ma'aikacin wata hukuma da ake ba shi lokacin wasa ba. Wannan sauyi shi ne musabbabin kafa Pillars. Domin Kano ta sami wakilci mai ƙarfi a sabuwar gasar, sai aka narke ƙungiyoyi uku na 'yan dagaji aka yi guda ɗaya. Ƙungiyoyin su ne WRECA, ta hukumar ayyukan ruwa ta Jihar Kano, da Golden Stars, da kuma ƙungiyar Bank of the North. Wanda ya jagoranci wannan aiki shi ne Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa baki ɗaya daga 2002.

Sunan ƙungiyar na Turanci ne, ma'anarsa ginshiƙai. Amma da yake harshen Hausa ba shi da sautin farko na wannan kalma, a bakin talakan Kano sunan ya koma "Filas", kuma da haka yake yawo a tasha da kasuwa da majalisun unguwa. Launin rigarta ruwan ɗorawa ne da kore.

Abin lura a nan shi ne, biyu daga cikin iyayen ƙungiyar na ma'aikatu ne, kuma ita kanta ta tashi a hannun gwamnatin jiha. Ke nan ba a unguwa aka haife ta ba, a ofis aka haife ta. Iyayen ma sun shuɗe, domin bankin da ɗaya daga cikinsu ta ɗauki sunansa ya narke cikin Unity Bank a 2006. Shekarun farko kuwa ba su zo da daɗi ba. Ƙungiyar ta sha hawa da sauka tsakanin rukuni na ɗaya da na biyu, har ma maƙwabciyarta El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta riga ta cin kofi, inda ta ɗauki Kofin Ƙalubale sau biyu a jere, a 1991 da 1992. Pillars sai da ta shekara 18 kafin ta ɗora hannu a kan babban kofi.

2.3 Shekarun Ɗaukaka

Kofin lig na farko ya zo ne a 2008, a ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. Wannan nasara ce ta ba ƙungiyar damar shiga gasar zakarun Afirka ta 2009, inda ta yi abin da har yanzu ake ba da labarinsa a Kano. A zagaye na biyu an haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda ita ce take riƙe da kofin a lokacin. An tashi 1-1 a Nijeriya, sa'an nan aka tashi 2-2 a Alƙahira, Pillars ta yi gaba saboda yawan ƙwallayen da ta ci a waje. Daga nan ta zo ta ɗaya a rukuninta, wanda ya ƙunshi Al-Hilal da Al-Merreikh na Sudan da kuma ZESCO ta Zambiya. Abin mamaki shi ne, wadda ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe 'yar gida ce, wato Heartland ta Owerri, kuma da ci mai yawa, 5-0 a wasa biyu.

A kakar 2009/2010 ne wani matashi haifaffen Jos, Ahmed Musa, ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 18 a lig, ya zama wanda ya fi kowa ci, kafin ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Bayan haka Pillars ta ci lig sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, abin da kafin ita Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne suka taɓa yi. Yana da kyau a tuna cewa kofin 2012 ya zo ne a shekarar da aka kai wa birnin Kano munanan hare-haren ranar 20 ga Janairu, lokacin da gari yake cikin dokar hana fita da shingayen bincike. A irin wannan hali, taron filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana daga cikin tarukan farin ciki ƙalilan da suka rage wa matasa. Su kansu 'yan wasan ba su tsira daga rashin tsaron hanya ba, domin a watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motarsu wuta a kan hanyar zuwa Owerri, suka raunata wasu, ciki har da ɗan wasan gaba Gambo Muhammad.

Kofin Ƙalubale shi ne ya fi wahalar da ƙungiyar. A wasan ƙarshe na 2018 a Asaba, Pillars tana gaba da ci 3-0, amma Rangers ta farke duka, ta kuma cinye a bugun fenareti. Sai a 2019, a Kaduna, Pillars ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti ta ɗauki kofin, shekara 66 bayan na 1953.

2.4 Taken "Sai Masu Gida"

Wannan take ya bi tsarin da Bahaushe ya saba da shi wajen nuna goyon baya, wato a kawo kalmar "sai" a gaban sunan gwani, kamar yadda ake yi wa ɗan dambe ko ɗan takarar siyasa. Aikin "sai" a nan shi ne keɓancewa, ma'ana babu kowa in ba wannan ba. Shi kuwa "mai gida" a al'adar Bahaushe ya wuce wanda ya mallaki gini. Shi ne mai iko da mai faɗa a ji, kuma shi ne mai ciyarwa da saukar baƙi. Kishiyarsa shi ne baƙo, wanda Hausawa suke cewa raɓa ne, ɗan gari kuwa kaba. Idan aka haɗa wannan da kirarin Kano na cewa ko da me ka zo an fi ka, za a ga cewa taken bai ƙirƙiro wani sabon tunani ba. Tsohon tunanin Bakano game da garinsa ne aka sanya wa rigar ƙwallo.

Tarihi ya taimaka wajen tabbatar da taken. Daga 2003, lokacin da Julius Berger ta ci ta a Kano, ba a ƙara cin Pillars a gida a wasan lig ba sai a watan Agusta na 2015, da Nasarawa United ta yi nasara da ci 2-1. Shekara 12 ke nan, wasa fiye da 200. Tsararrakin mai wannan nazari sun tashi ne a cikin waɗannan shekaru, har suka yi wayo ba su san ana cin Pillars a Ƙofar Mata ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a gasar Nijeriya ta wancan lokaci cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowace ƙungiya, saboda doguwar tafiya a mota da tsoron 'yan kallo da kuma ƙorafin da ake yawan yi a kan alƙalan wasa. Wannan bai kore ƙwazon Pillars ba, domin babu wata ƙungiya da ta riƙe gidanta tsawon haka, amma bai dace mai nazari ya rufe ido a kansa ba.

Wani abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, su wane ne masu gidan? Idan aka duba waɗanda suka ɗaga ƙungiyar, za a tarar da yawansu ba Kanawa ba ne, wasu ma ba Hausawa ba ne. Ikhana mutumin Edo ne. Wanda ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a Afirka, Ivo Sajh, Bature ne ɗan ƙasar Sulobeniya. Okey Emordi ne ya ci mata kofin 2014, Theophilus Afelokhai ya daɗe yana tsaron ragarta, Shehu Abdullahi Basakkwace ne, Junior Lokosa kuma shi ya fi kowa cin ƙwallo a lig na 2018. Dukkansu da suka sa rigar an kira su masu gida, tare da 'yan gari irin su Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele. Wato dai a filin wasa zama mai gida ba a gadonsa, da riga ake samunsa. Wannan ya yi daidai da ɗabi'ar Kano ta asali, garin fatauci da ya saba mayar da baƙo ɗan gari.

To amma taken yana da wata fuska. Da zarar an ɗauka cewa ba a cin mai gida a gidansa, sai faɗuwa, kai har ma kunnen doki, ta zama cin mutunci a idon wasu magoya baya. A 2019, bayan an tashi 1-1 da Rangers a filin Agege na Legas, magoya baya sun kutsa cikin fili, aka ci tarar ƙungiyar, aka kuma dakatar da kyaftin ɗinta. A 2020 an mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona, masu gida suka koma zaman haya a Kaduna. Da aka dawo Kano a 2022, sai rikici ya ɓarke a wasa da Katsina United, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Ta dawo a 2023, amma a watan Oktoba na 2025 an sake maimaita irin wannan a wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake cire mata maki, aka kuma kore ta daga filinta. A ra'ayin mai wannan nazari, waɗanda suke jifa sun riƙe rabin ma'anar taken ne kawai, wato iko, suka yar da ɗaya rabin, domin a al'ada mai gidan da aka daki baƙo a zaurensa shi ne ya ji kunya.

2.5 Mallaka da Gudanarwa

Ko da yake an kafa Pillars ne domin gasar ƙwararru, gwamnatin jiha ce take ɗaukar nauyinta, ita take naɗa shugabanninta, ita kuma take sauke su. Amfanin wannan shi ne ƙungiyar ba ta mutu ba kamar yadda Raccah Rovers da wasu ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka mutu. Illarsa kuwa ita ce, duk lokacin da gwamnati ta sauya, ko aka sami saɓani, sai a rushe kwamitin gudanarwa a kafa sabo, a koma farawa daga tushe. Magoya bayan da suke cika fili, waɗanda su ne ainihin dukiyar ƙungiyar, ba su da ƙuri'a ko ɗaya a cikin sha'aninta.

A watan Yuli na 2025 gwamnati ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, bayan ya dawo yana buga mata wasa a 2021 da kuma 2024. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar Barau, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, ta hau babban rukuni, aka wayi gari Kano tana da ƙungiya biyu a gasa ɗaya, ɗaya ta gwamnati, ɗaya ta mutum guda.  Yadda magoya baya suka karɓi wannan sabon al'amari, da irin kirari da habaicin da ya haifar a tsakaninsu, shi ne abin da za a duba a babi na uku.